'Yar Azumi da 'Yar Sallah

Daga Allah muke, kuma Alhaji ya riga mu komawa gare Shi. Kakana ne, mahaifin babana. Ya rasu a daminar nan, masarar da ya shuka da hannunsa tana goyo, bai ɗanɗana ko ɗaya ba.

Ranar sadakar uku gidanmu kasa ɗaukar mutane ya yi. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin bishiyar bedi. Mutanen Mairuwa sun zo, na Ketare sun zo, har da danginmu na Sabuwa, duk da cewa yanzu ba a bin hanyar sai da addu'a a baki. Maza a waje suna ta maimaita abu ɗaya: mutumin kirki, ba a shiga gidansa a fito da yunwa. Ni ina cikin gida bakin turmi, ina dakan gumba.

Mata suna shigowa da sallama, su ce mini "ya haƙuri" a tsaye, su wuce. Inda za su daban ne. A ƙofar ɗakin Alhaji ɗiyar Goggo, 'yar'uwar babana, take zaune a kan dardumarsa, ta zo daga Funtuwa da jajayen idanu. Nan ake durƙusawa, nan ake dafa kafaɗa. Wata tsohuwa daga Ketare, wadda suka haɗa kaka da marigayi, ta rungume ta tana cewa, "Wayyo ta wajen Alhaji! Ke ce abin tausayi. Wa zai ƙara ce maki 'yar Sallah?" Da ta gama share hawaye sai ta waiwayo ta gan ni da taɓarya. Ta ce, "Ke kuma ɗiyar wa ce? Kawo mana ruwa."

Na kawo. Kawo ruwa dai dama aikina ne a gidan nan.

Mutum ɗaya ne ya neme ni da kansa. Abokin Alhaji ne tun suna samari, wani dattijo Kirista daga ƙauyen Maguzawa da ke bayan rafinmu. Ya zauna can ƙarshen tabarma, ya miƙe ƙafarsa ta hagu da aka naɗe da tsumma. Ya sa aka kira ni zaure, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mun yi da shi ni zan riga shi tafiya. Ya cuce ni."

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Alhaji, kuma don abin da ake faɗa a zaure rabi ne. Akwai wata magana da ya gaya mini a gaban mutane ranar Babbar Sallah, wadda bai janye ba har ya koma ga Allah. Ita ce take hana ni sakewa. Zan zo kanta.

Abin da na fara sani na Alhaji ƙafafunsa ne. Ina ƙarama yakan kora raguna daga ƙauyenmu har kasuwar Mairuwa a ƙasa, ya dawo kafin la'asar, ya ɗauki fartanya ya wuce gona. Diddigensa duk kaushi ne, ƙaya ma tsoronsa take ji. Lokacin da aka ce karatuna ya isa haka, shi ne ya ce sai na gama sakandare. Duk farkon zango shi yake ɗaukar akwatina a ka ya raka ni bakin titi, yana tafe yana cewa, "Ɗaga ƙafa mana, ke da ba ki haihu ba." Ni da gudu-gudu nake binsa.

Ragon layyarsa kuwa da kansa yake kiwonsa. Dusa da kanwa da harawa, da hannunsa yake ba shi, yana yi masa hira kamar mutum. In an yanka, kafin kowa ya taɓa, sai ya ware cinya ɗaya ya sa a kwando, ya bi ta bayan gari ya ajiye a ƙofar gidan da ya san ba a yi layya ba. Ba ya sallama. In an tambaye shi ina cinyar, ya ce ragon bana da ƙafa uku aka haife shi.

Amma Alhaji yana son ci. Allah Ya jiƙansa, yana son ci. Sauran watanni tuwon dawa ne da miyar kuka kamar kowa, amma in Sallah ta zo sai ya zama wani mutum. Ranar farko kayan ciki: hanta, ƙoda, tumbi, hanji, a soye cikin kitse. Washegari kai da ƙafa. Daga nan soye, daga nan dambu, yana korawa da lemon kwalba mai zaƙi wanda jikoki suke kawo masa daga birni. Ruwa kuwa ba ya sha, wai yana cinye wurin nama. Haka yake yi a bikin suna, haka a ɗaurin aure. Kuma duk bayan irin wannan shagali sai babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi sheƙi, ko zanen gado ya taɓa shi sai ka ji Alhaji yana salati. Da shekaru suka tura, sai abin ya hau idon sawu, ya hau gwiwa.

A wurinmu sunan wannan ciwo sanyi. Sanyi ya kama Alhaji, sanyin ƙashi ne, sanyi ya motsa. Kuma tunda sanyi ne, kowa ya san maganinsa abu mai zafi. Sai Goggo ta aiko da farfesun kayan ciki da ya sha citta da masoro, maƙwabta su kawo romon ƙafar sa, a ce ya sha da zafinsa ya kori sanyin. Ni da nake shafa masa man zafi, tafin hannuna yakan ji yatsan kamar garwashi. Na taɓa ce wa Goggo, wane irin sanyi ne wannan mai ƙuna? Ta ce in bar surutun boko.

Bayan rasuwar kakarmu mace, girkin Alhaji ya dawo hannuna. Ni ce kuma na raka shi asibiti wata shekara da ciwon ya ƙi sauka. Malamar asibitin ta duba ƙafar, ta tambayi abin da ya ci a makon, ta yi murmushi. Ta ce ba sanyi ba ne. Ta ce in mutum ya cika cin kayan ciki da jan nama da kayan zaƙi, akwai wani abu kamar gishiri da yake yawa a cikin jini. Ƙoda ce take fitar da shi ta fitsari, in ya fi ƙarfinta sai ya je ya kwanta a gaɓa kamar ɓarɓashin kwalba, in aka daɗe a haka ya ci gaɓar. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya rage nama, ya bar kayan ciki da lemo, ya riƙa shan ruwa da yawa. Alhaji yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to. Muna fita ya ce, "Wannan ɗiya da gani ba a yin layya a gidansu."

Daga ranar na zama mai hanawa. Ni ce mai tsame nama daga miya, ni ce mai ɓoye kwalba, ni ce mai tsayawa a kansa da kofin silba sai ya shanye. Sai ya sa mini suna 'yar azumi. Ita kuwa ɗiyar Goggo, da ba ta zuwa sai da Sallah, ta sauko daga mota da lalle da turare da kula cike da soye, ita ce 'yar Sallah. In ya hango ta daga zaure fuskarsa har wani haske take yi. "Ga 'yar Sallah! An ga wata!" Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe kula, ta zauna tana ba shi labarin birni suna ƙyaƙyata dariya. In na shigo da kofi sai ya yi ƙasa da murya ya ce mata, "Rufe, rufe, ga azumi ya kama."

Kowa yana dariya, ni ma ina yi. Amma in tambaye ku, wa ya taɓa yin ɗinki don murnar zuwan azumi? Ita tana zuwa ta kwana biyu ta kwashe dariyarsa ta tafi da ita Funtuwa. Kumburin da nishin da fitar da tasa, ni ake bar wa. Ba ta taɓa ganin yatsan nan a kumbure ba, don kafin ya tashi ta riga ta hau mota.

Shi da abokinsa kuwa abin wasa suka mayar da shi. Shi ma dattijon duk bayan Kirsimeti sai ƙafarsa ta tashi, saboda nama da burkutu. In ya zo gaisuwa sai su jera ƙafafu a kan tabarma suna gwadawa.

"Kai naka na ragon layya ne," in ji dattijon, "nawa na tulun burkutu."

Alhaji ya ce, "Ni dai nawa halal ne."

"Halal ɗin ne ya sa kake ɗingishi da dama, ni da hagu. In aka haɗa mu ai mutum guda ne lafiyayye."

Yanzu ga maganar da na ce zan zo kanta. Al'adar Alhaji ce ranar layya ba ya sa komai a bakinsa sai ya dawo daga Idi an yanka, kuma hantar ragonsa ce farkon abin da zai ci. Ban yi niyyar hana shi wannan ba. A Sallar bana na yanko ɗan kaɗan, na gasa a tsinke, na kai masa. Ya ɗaga tsinken ya juya shi, ya ce, "Wannan hantar ragona ce ko ta ɓera?" Yana cikin faɗar haka sai ga ɗiyar Goggo da kwano shaƙe, sauran hantar da ƙoda da kitse, suna ta ƙamshi. Ta ajiye a gabansa tana cewa, "Alhaji ci abinka, shekara guda kana yi wa ragon nan bauta."

Na sunkuya na ɗauke kwanon. A gaban babana, a gaban Goggo, a gaban baƙi.

Ta ce, "Ke wai mi kike ji da shi ne? Kakanki ne ke kaɗai?"

Na ce, "In ƙafar ta tashi kina nan?"

Goggo ta ce, "Ku ji mani ɗiya! Ranar Sallah za ki hana tsoho naman ragonsa?"

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, ya ce, "'Yar azumi, ban yafe maki hantar nan ba."

Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ko kuwa ya yi ne ban gani ba, don idona ya riga ya cika. Wannan ne abin da nake ta juyawa har yau. Na fita da kwanon na raba wa yara. Ban tsinana komai ba kuwa, don da yamma an sake cika masa wani, washegari ga kai da ƙafa, ga lemo. Sai na zuba ido. Gaisuwa kawai take haɗa ni da shi a kwanakin nan.

'Yar Sallah ta tafi, ƙafa ta tashi. Wannan karon har gwiwa, ko taka ƙasa ba ya iya yi. Goggo ta ce sanyin damina ne, kafin ta bi ɗiyarta ta dafa tukunyar farfesu ta bari.

Wanda bai zauna a yankinmu ba ba zai gane abin da ƙafa take nufi gare mu ba. A shekarun nan kowa yana kwana da takalminsa kusa. Wata rana a cikin kwanakin nan, wajen la'asar, ina tankaɗe, maza duk suna gona, sai na ji ƙarar babura da yawa daga wajen daji, sai harbi. Gari ya ɗauki ihu. Mata suna saɓa yara suna faɗawa cikin masara. Innata ta ja ƙannena ta bi ta ƙofar baya tana kiran sunana. Ni na ruga ɗakin Alhaji.

Na same shi zaune bakin gado yana laluben sanda. Ya ce, "Tahi. Ke nake gaya wa, tahi!" Na sa kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa. Mutumin da yake zuwa Mairuwa a ƙasa ya dawo, ga shi daga gado zuwa ƙofa ya gagare shi. Ya yi tsalle da ƙafar hagu, ya sake yi, a dokin ƙofa ya manta ya sauke ta dama. Ya yi ƙara, ya sulɓe daga hannuna, ya faɗi ta gefe. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena.

Ban san inda na samo ƙarfi ba. Na ja shi a ƙasa har bayan rumbu, na jawo zana na rufe mu. Na kwanta a jikinsa. Gumi yana zuba daga goshinsa, ya cije leɓe don kada ya yi nishi. Muna jin kukan shanu ana kora su daga bakin gari. Can sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "In sun shigo, ki ce masu azumi muke, ba komi a gidan." A nan ya kamata in ce, Alhaji ka yafe mini. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Ba su shigo unguwarmu ba. Shanu suka kora suka tafi. Amma ƙashin ƙugun Alhaji ya karye. Aka kira mai ɗori, abin ya faskara, aka kai shi asibiti. Ƙashin tsoho ba ya saurin kamawa, kwanciya ta yi tsawo, daga baya ciwo ya sauka a ƙirjinsa. Ni nake jinya. Kullum sai in shirya maganar a raina, in na buɗe baki sai in ga yana barci, ko ɗakin ya cika da masu dubiya. Kuma ina tsoron amsar.

Ana gobe zai rasu ɗiyar Goggo ta zo tare da uwarta, ɗauke da kularta. Ta buɗe, ƙamshin farfesu ya cika ɗakin. Alhaji da ya wuni bai buɗe ido ba, sai ga shi ya buɗe, ya yi murmushi, irin murmushin nan da ni ban taɓa samu ba, ya ce, "'Yar Sallah ta zo." Na koma jikin bango na tsaya. Ni da na kwana na wuni ina juya shi, ina goge masa baya, ga wanda aka buɗe wa ido. Ko cokali ɗaya bai iya haɗiya ba, amma ya riƙe hannunta ya daɗe.

Da aka kira magariba sai ya fara waige-waige. Ya ce, "Ina 'yar azumi?"

Na ce, "Ga ni, Alhaji."

"Rana ta faɗi?"

"Ta faɗi."

"To ba ni in sha ruwa."

Goggo ta rufe baki da mayafi ta ce a hankali, "Ya fara ruɗewa, ya ɗauka watan azumi ne." Ɗiyarta ta yi wuf ta ɗauki kofin silbar ta kai bakinsa. Ya kawar da kai. Ya ce mata, "Ke naki sai an ga wata." Ya nuna ni da ido.

Na karɓi kofin. Na tallafi kansa, ya sha kurɓi kaɗan, ruwa yana bin gemunsa. Sai ya yi addu'ar buɗa-baki, wadda take ƙarewa da fatan lada. Da ya zo kan ladar sai ya matse yatsuna. Bai sake yi mini magana ba. Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinsa.

Goggo har gobe cewa take ruɗewa ce. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya ruɗe ba ya tuna wace ce Sallah, wace ce azumi, kuma wacce take riga wacce. Amma kalmar da nake jira bai furta ta ba. Na tambayi limaminmu ko "ban yafe ba" ta wasan kaka da jika tana hawa kan mutum. Ya ce Allah Ya san zukata, in yawaita yi masa addu'a. Gaskiya ya faɗa, sai dai ban ji sanyi a raina ba.

Da aka zo rabon 'yan kayansa na tunawa, aka ba ɗiyar Goggo carbinsa da akushin da yake cin naman Sallah a ciki. Tsohuwar Ketare ta ce ai ita ta dace. Ba wanda ya tambayi kofin silba, sai na wanke shi na ajiye a ɗakina. Yanzu babana nake kai wa ruwa a ciki, don shi ma tun bayan Sallah na ga yana taka ƙafar dama a karkace, kuma an fara cewa sanyi ne. In babur ya wuce ta bayan gida, kofin yakan kuɓuce daga hannuna.

Malaminmu na Islamiyya ya taɓa gaya mana cewa abincin farko da za a tari 'yan Aljanna da shi hanta ce, hantar kifi. A lokacin dariya muka yi. Yanzu ita ce addu'ata bayan kowace salla. Ya Allah, Ka jiƙan Alhaji, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa cinyoyin da ya ajiye a ƙofofin mutane ba sallama. Ka tashe shi da ƙafafunsa na da, waɗanda nake bi da gudu. Ka zaunar da shi a gaban wannan hantar, a cika masa kwano, ya ci ya ƙoshi, babu kumburi, babu mai sunkuyowa ta ɗauke.

In ya ci waccan, na san zai yafe mini tawa.